Fatoma da Mai Shara: Tarihin Sana'ar Kula da Zaurukan Intanet

Gabatarwa

Duk inda jama'a suke taruwa, akwai wanda yake riga kowa zuwa, ya share wuri, ya yi shimfiɗa, ya tarbi baƙo, ya raba masu husuma, sa'annan ya tsaya kwashe shara bayan an watse. Kasuwa tana da sarkinta, unguwa tana da mai unguwa, zango kuma yana da fatoma, wato mai masaukin fatake, wanda yake saukar da baƙo, ya adana masa dukiyarsa, ya haɗa shi da abokin ciniki, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Zaurukan intanet, inda ɗimbin al'ummar duniya suke wuni suna hira a yau, ba su fita daga wannan tsari ba. Duk zauren da ka ga ana zaune lafiya a cikinsa, akwai wani da yake hana idonsa barci a kansa, ko da ba a san sunansa ba.

Ni da tsararrakina da muka fito daga jami'a a 'yan shekarun nan, an sha faɗa mana mu daina jiran aikin gwamnati, mu nemi na kanmu a intanet, kuma kula da zauruka yana cikin ayyukan da ake yawan ambata mana. Shawara ce mai kyau, sai dai wanda zai shiga sana'a ya kamata ya san asalinta, ya kuma san abin da ya sami waɗanda suka riga shi. Waiwaye adon tafiya ne. Na bi sawun wannan sana'a daga 1973 zuwa yau, kuma ga abin da na tarar: aiki ne da aka fara shi don ƙauna, kamfanoni suka gina dukiya a kansa, daga baya aka tsaga shi gida biyu, ɗaya a ƙofar gida da albashi da daraja, ɗaya a bayan gida da tsintsiya da ƙuncin rai. Sanin yadda aka yi wannan tsagi shi zai nuna wa matashi mai jin Hausa inda ya kamata ya sa ƙafarsa.

Mafari: allon sanarwa da layin tarho

A 1973, a wani shagon sayar da faifan garmaho da ke garin Berkeley na jihar Kalifoniya a Amurka, wasu matasa, ciki har da Lee Felsenstein, suka ajiye wata na'ura mai kama da tafireta. Sun haɗa ta ta layin tarho da wata babbar kwamfuta da ke San Francisco, suka kuma bar kowa ya zo ya rubuta saƙo ko ya karanta na wasu. Sunan shirin Community Memory. Ban da masu cigiya da masu tallar kaya, sai ga waƙoƙi da barkwanci da gardama sun cika wurin. Tun daga nan aka fara gane cewa idan ka ba mutane wurin ajiye saƙo, zauren hira za su mayar da shi.

A watan Janairun 1978 dusar ƙanƙara ta lulluɓe birnin Chicago har ta hana mutane fita. Ward Christensen da Randy Suess suka ci moriyar zaman gidan, suka haɗa wata kwamfuta da mutum zai kira ta tarho daga tasa kwamfutar, ya bar saƙo, ya karanta na wasu. Ta fara aiki ranar 16 ga Fabrairu, 1978, kuma mutum ɗaya kaɗai take ɗauka a lokaci guda, sauran sai su jira layi ya saki. Cikin shekarun da suka biyo baya dubban mutane suka kwaikwaye su. Mai irin wannan zaure shi ne komai: shi ya sayi na'ura da kuɗinsa, shi yake biyan kuɗin tarho, shi yake karɓar sabon shiga, shi yake goge zagi, shi kuma yake korar wanda ya ƙi jin magana. Mafi yawansu ba su sami ko sisi ba, sha'awa ce kawai take riƙe da su.

A jami'o'i kuwa, ɗalibai biyu na Jami'ar Duke, Tom Truscott da Jim Ellis, sun ƙirƙiro tsarin Usenet, wanda ya fara aiki a 1980, ya haɗa zauruka masu yawa a kan fannoni daban-daban. A can al'ada ce take mulki. Kowane watan Satumba sababbin ɗalibai sukan shigo su yi ta kwamacala, tsofaffin hannu su yi musu gyara, bayan 'yan makonni su koyi ladabin wurin, ƙura ta lafa. Daga 1993, da kamfanoni suka fara buɗe wa gama-garin mutane ƙofa, baƙi suka riƙa kwararowa ba ƙaƙƙautawa, har tsofaffin mazauna suka ce Satumbar bana ba ta da ranar ƙarewa. A watan Afrilun 1994 wasu lauyoyi biyu, mata da miji, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallarsu a zauruka fiye da 5,000 a lokaci guda. Darasin ya fito fili: kunya da ganin ido suna iya riƙe ƙaramin zaure, amma idan taro ya yi taro, dole a ɗora wa wani alhakin tsare shi.

Fatoman farko mai albashi

Ɗaya daga cikin wuraren da aka fara ɗaukar wannan aiki a matsayin sana'a shi ne The WELL, zauren da Stewart Brand da Larry Brilliant suka kafa a 1985 a garin Sausalito, kusa da San Francisco. A wancan lokaci mai shiga yana biyan dala 8 a wata da dala 2 a kowace awa. Abin da ake saya da wannan kuɗi hira ce kawai, saboda haka ranar da hira ta lalace, kasuwa ta mutu. Wannan ne ya sa zaɓen waɗanda za su riƙe wurin ya zama babban al'amari.

Abin lura shi ne irin mutanen da aka ɗauka. Matthew McClure, da Cliff Figallo, da John Coate, dukkansu sun yi shekaru a The Farm, wata alƙarya a jihar Tennessee inda ɗaruruwan mutane suka yi zaman tarayya, suna noma tare suna ci tare. Jarinsu shi ne sanin zama da mutane. Sun ga yadda ƙaramar magana take zama gaba, sun san wanda ake ja gefe a yi masa nasiha da wanda ake tsawatar wa a bainar jama'a. John Coate, wanda ya fara aiki a 1986, shi ne wanda da yawa suke ɗauka a matsayin mutum na farko da aka biya albashi don kula da al'ummar intanet. Da ya zo rubuta abin da ya koya a 1992, sai ya kamanta aikin da riƙon masaukin baƙi. Bahaushe da ya ji wannan, fatoma zai tuna.

Tsarin da suka shimfiɗa har yau ana cin gajiyarsa. Ba a yarda mutum ya ɓoye ainihin sunansa ba, kuma kowa shi yake da alhakin abin da ya rubuta. Kowane ɗaki na hira yana da mai masaukinsa, wanda yake tayar da zance idan wuri ya yi shiru, ya yayyafa ruwa idan ya yi zafi. Sukan kuma shirya walima a ofishinsu don waɗanda suka saba a rubuce su ga juna ido da ido, domin yana da wuya ka ci mutuncin wanda kuka ci abinci tare. Howard Rheingold, ɗaya daga cikin mazauna wurin, ya wallafa littafinsa The Virtual Community a 1993, wanda ya sanar da duniya cewa mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba suna iya zama al'umma ta gaske, su yi wa juna jaje, su tara wa mara lafiya gudummawa. A wannan zamani, tarbar baƙo da share zaure aikin mutum ɗaya ne, kuma wanda yake yanke hukunci ya san wanda yake yanke wa.

Da shari'a ta shigo

Da zauruka suka girma, sai tambaya ta taso: idan wani ya yi wa wani ƙazafi, wa za a kama, marubucin ko mai zauren? A 1991 wata kotu a Amurka ta wanke kamfanin CompuServe, bisa hujjar cewa ba ya duba abin da ake wallafawa, don haka matsayinsa kamar na mai sayar da jarida ne. A 1995 wata kotun ta ce za a iya kama kamfanin Prodigy da laifin ƙazafin da wani ya rubuta, saboda shi yana tacewa, ya zama kamar editan jarida ke nan. Hukunce-hukuncen biyu sun haifar da abin mamaki: wanda ya bar zaurensa da datti ya tsira, wanda ya ɗauki tsintsiya ya shiga uku.

'Yan majalisa biyu, Chris Cox da Ron Wyden, suka kawo gyara, wanda ya zama Sashe na 230 na dokar da aka sa wa hannu a Fabrairun 1996. Sashen ya ce ba za a ɗauki mai zaure a matsayin mawallafin maganar wani ba, kuma yana da damar cire abin da ya ga bai dace ba. Wannan doka ita ce ta buɗe hanyar sana'ar tace bayanai. Amma ta ba kamfani izinin shara ne kawai, ba ta ce komai a kan haƙƙin mai riƙe da tsintsiyar ba.

Kura da shan bugu

Kamfanin America Online, wanda aka fi sani da AOL, shi ya fi kowa cin moriyar 'yan sa-kai. A shekarun 1990 ɗakunan hirarsa su ne suke riƙe masa abokan ciniki, kuma waɗanda suke kula da su 'yan sa-kai ne da yawansu ya kai kimanin 14,000. A lokacin da ake biyan kuɗi awa-awa, ladansu shi ne awoyi na kyauta, kuma ga mai yawan zama a intanet wannan ba ƙaramin abu ba ne. A Disambar 1996 kamfanin ya koma karɓar dala 19.95 a wata ko nawa mutum ya yi amfani, sai darajar ladan ta faɗi warwas, aikin kuwa ya ƙaru saboda jama'a sun ƙaru.

Nan fa wasu suka fara lissafi. Ana ba su horo, ana tsara musu lokutan aiki, suna rubuta rahoto bayan sun tashi, ana kuma iya sallamar su. Me ya raba su da ma'aikata in ban da albashi? A 1999 biyu daga cikinsu, Kelly Hallissey da Brian Williams, suka shigar da ƙara a madadin sauran. Kamfanin ya rufe shirin a 2005, kuma bayan kimanin shekara goma ana tafka shari'a aka sasanta a kan dala miliyan 15. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Matsalar ba ta mutu da AOL ba. Dandalin Reddit har yau 'yan sa-kai ne suke riƙe da zaurukansa. Wani bincike na Jami'ar Northwestern a 2022 ya ƙiyasta aikin da suke yi kyauta da aƙalla dala miliyan 3.4 a shekara. A Yunin 2023 kuma dubban zauruka suka rufe ƙofofinsu don nuna adawa da wani sabon tsarin kamfanin, abin da ya tuna wa kowa cewa ranar da masu shara suka ajiye tsintsiya, ranar ake sanin amfaninsu.

Yadda aka tsaga aikin gida biyu

Zuwan Facebook a 2004, da YouTube a 2005, da Twitter a 2006, ya mayar da zauruka manyan birane. Daga nan aikin da John Coate yake yi shi kaɗai ya rabu.

Ɓangare na farko ya sami ɗaukaka. Kamfanoni suka gane cewa abokin cinikin da ya sami abokan hira a wajensu ba ya saurin barin su, sai suka fara ɗaukar manajan al'umma. Jono Bacon, wanda ya riƙe wannan muƙami a manhajar Ubuntu daga 2006, ya rubuta littafi a kan sana'ar a 2009. A 2010 Jeremiah Owyang ya ƙirƙiro ranar karrama masu wannan aiki, Litinin ta huɗu ta kowane Janairu. Aka sami taruka, da kwasa-kwasai, da matakan ƙarin girma. A 2020 aka kafa ƙungiyar ƙwararru ta masu tsara dokokin aminci a dandalolin intanet. Waɗannan su ne magadan fatoma.

Ɓangare na biyu kuwa aka tura shi inda ido ba ya gani. Miliyoyin hotuna da bidiyo da ake ɗorawa kullum suna buƙatar wanda zai duba su, ya raba na kisa da na batsa da na cin zarafin yara daga na halal. Manyan kamfanoni ba su ɗauki waɗannan ma'aikata da kansu ba, sai suka ba 'yan kwangila, su kuma suka nemi inda ƙwadago yake da araha, kamar Filifin da Indiya. Ma'aikaci yana zaune gaban kwamfuta, abu yana wucewa bayan abu, yana da 'yan daƙiƙoƙi ya ce a bari ko a cire, kuma an sa shi ya rattaba hannu cewa ba zai faɗa wa kowa abin da yake gani ba. Malama Sarah Roberts ta yi shekaru tana bincike a kansu kafin ta fitar da littafinta Behind the Screen a 2019. A shekarar ce ɗan jarida Casey Newton ya bayyana halin masu tace wa Facebook bayanai a garin Phoenix, waɗanda ake biya dala 28,800 a shekara, wasunsu kuma tsoro da firgita sun hana su sukuni. A Mayun 2020 Facebook ya amince ya biya dala miliyan 52 ga masu tacewa fiye da 11,000 a Amurka saboda illar da aikin ya yi wa ƙwaƙwalwarsu.

A ganina asarar da aka yi a wannan rabuwa ta wuce ta albashi. An raba hukunci da sanayya. Mai tarbar baƙo ba shi yake hukunci ba, mai hukunci kuma bai san garin da maganar ta fito ba, balle ya san abin da take nufi a can.

Harshe: inda abin ya iso ƙofarmu

Ƙasar Myanmar ce ta fara nuna wa duniya tsadar wannan rashin sani. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa a farkon 2015 mutum biyu kacal masu jin harshen ƙasar ne suke duba ƙorafe-ƙorafe a Facebook, alhali kalaman ƙiyayya ga 'yan ƙabilar Rohingya suna yawo kamar wutar daji. Daga Agustan 2017 fiye da mutum 700,000 suka tsere zuwa Bangladesh. A Nuwambar 2018 kamfanin ya amsa cewa bai yi abin da ya isa ba wajen hana amfani da dandalinsa don rura wutar rikici.

A wannan watan ne BBC ta fitar da bincike a kan rikicin jihar Filato na Yunin 2018. Hotuna masu tayar da hankali sun yi ta yawo a Facebook ana cewa daga wurin rikicin suke, alhali ɗaya daga cikin bidiyon an ɗauke shi ne a Kwango Brazzaville tun 2012. 'Yan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen harzuƙa masu ramuwar gayya. Binciken ya nuna cewa a lokacin mutum miliyan 24 ne suke amfani da Facebook a Najeriya, masu tantance gaskiyar labari na cikakken lokaci kuwa huɗu ne, kuma babu mai jin Hausa a cikinsu.

Duk wanda ya san Hausa ya san abin da ya sa baƙo ko na'ura ba za su iya wannan aiki su kaɗai ba. Bafulatani da Babarbare suna iya jifan juna da maganar da in baƙo ya karanta zai rantse yaƙi za a yi, alhali wasa ne da aka gada kaka da kakanni. Haka Bakano da Bazazzagi, haka taubasai. A ɗaya gefen, mai habaici yana iya tunzura gari guda da kalmomi masu tsabta, babu ashar babu zagi, sai karin magana ɗaya da aka jefa a ranar da ta dace. Ga bambancin karin harshe tsakanin Sakkwato da Kano da Damagaram, ga masu rubutu ba tare da lanƙwasar haruffa ba, ga masu gauraya Hausa da Ingilishi ko Faransanci, ga saƙon murya da ba a rubuta shi ba sam. Ƙirƙirarriyar basira tana iya gane hoton jini, amma gane inda zambo ya dosa sai ɗan gari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da kamfanoni suka farga suka nemi masu jin harsunan Afirka, sai suka sa su a bayan gida. A 2019 kamfanin Sama ya buɗe cibiyar tace wa Facebook bayanai a Nairobi, ya ɗebo matasa daga ƙasashe daban-daban na nahiyar. A Fabrairun 2022 mujallar TIME ta ruwaito cewa wasunsu dala ɗaya da rabi suke samu a awa, kuma an sallami Daniel Motaung, ɗan Afirka ta Kudu, bayan ya yi yunƙurin haɗa kan abokan aikinsa. Ya kai ƙara a shekarar. A 2023 Sama ya daina aikin, fiye da ma'aikata 180 suka garzaya kotu, kuma ranar 1 ga Mayu fiye da 150 suka kaɗa ƙuri'ar kafa ƙungiyar ƙwadago ta masu tace bayanai a Afirka. Kamfanin Meta, uwar Facebook, ya dage cewa ba shi ya ɗauke su aiki ba, amma a Satumbar 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta Kenya ta ce ana iya gurfanar da shi a ƙasar. Cikin jagororin wannan gwagwarmaya akwai 'yar Najeriya, Kauna Malgwi, wadda ta yi aikin tace rubuce-rubucen Hausa a cibiyar, kuma BBC ta sanya ta cikin jerin mata 100 na 2024. Ashe tarihin da ya faro a Kalifoniya ya zagayo har ya taɓa 'yar gida.

Zaurukanmu na gida

Mu ma muna da namu tarihin, ko da yake gajere ne. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. A farkon shekarun 2000 masana da marubuta, irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, sun riƙe zaurukan Yahoo inda ake tafka muhawara a kan finafinan Hausa da adabi. A 2005 Seun Osewa ya kafa Nairaland. Yahoo ya rufe zaurukansa baki ɗaya a Disambar 2020, abin da ya nuna cewa wanda ya yi gini a filin aro, ranar da mai fili ya ga dama zai tashe shi.

Yau kuwa da wuya ka sami mai babbar waya da ba ya cikin zauren WhatsApp ko Telegram ko Facebook: na tsofaffin ɗalibai, na 'yan kasuwa, na marubuta, na unguwa, na dangi. Kowanne yana da wanda ake kira admin. Na sha ganin yadda irin waɗannan mutane suke kwana suna goge jita-jita a lokacin zaɓe, suna bin masu faɗa a waya ɗaya bayan ɗaya suna ba su haƙuri, suna gano ɗan damfara kafin ya kwashe kuɗin adashin jama'a. Da kuɗin datarsu suke yi, kuma sau da yawa ladan da suke samu shi ne a ce suna da son mulki. Matakin da muke kai yanzu shi ne wanda Amurka take kai a zamanin 'yan sa-kan AOL: aiki na gaske, wanda ba a riga an kira shi da sunansa ba.

Abin da tarihi yake faɗa wa mai neman shiga

Daga wannan tafiya na tsamo abubuwa huɗu da nake ganin za su amfani duk wanda yake son mayar da wannan aiki sana'a.

Na farko, jarin sana'ar sanin mutane ne. Waɗanda suka assasa ta daga zaman tarayya suka fito, kuma wanda ya tashi a gidan gandu, ya ga yadda dattijo yake sasanta 'yan uwa ba tare da ya kunyata kowa ba, ya riga ya yi rabin karatun. Sauran rabin shi ne koyon rubuta doka a taƙaice, da aiwatar da ita ba sani ba sabo, da sanin dokokin ƙasa a kan ɓata suna da sirrin mutane.

Na biyu, aikin da ba a ƙidaya shi ba, ba a biyan sa. 'Yan sa-kan AOL sun sami abin riƙewa ne saboda akwai jadawalin aiki da rahotanni. Mai riƙe da zaure ya rubuta awoyin da yake yi, da yawan waɗanda suka shigo suka zauna, da rikicin da ya kashe. Wannan shi ne abin da zai ajiye a gaban kamfani ko ƙungiya ranar da ya je neman aiki. Taimako don zumunci abu ne mai kyau, amma idan zauren yana kawo wa wani kuɗi, to a yi yarjejeniya a rubuce tun ran gini, tun ran zane.

Na uku, a san wane gida ake shiga. Wanda aka yi wa tayin aikin tace bayanai ya tambayi wane ne ainihin mai ɗaukar sa, awa nawa zai yi yana kallon abin tashin hankali, wane likita zai gani idan barci ya ƙaurace masa, kuma me zai faru idan kwangila ta ƙare yana ƙasar wasu. Mutanen Nairobi sun biya kuɗin wannan darasi da lafiyarsu.

Na huɗu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wani ci gaba da aka samu a wannan tarihi, daga dala miliyan 15 zuwa dala miliyan 52 zuwa hukuncin kotun Kenya, taron dangi aka yi kafin a same shi. Masu kula da zaurukan Hausa suna buƙatar ƙungiyarsu, da ƙa'idojin aiki a harshensu, da ƙamus na kalmomin tunzuri da suke sauyawa daga zaɓe zuwa zaɓe. Sassan nazarin Hausa da na aikin jarida a jami'o'inmu suna da rawar da za su taka a nan.

Kammalawa

Shekara hamsin da suka wuce babu wannan sana'a, yau kuma zaman lafiyar garuruwa yana iya rataya a kanta. Miliyoyin masu jin Hausa sun riga sun tare a intanet, kuma dole wani ya yanke hukunci a kan abin da za su gani da abin da za a kawar. Ko dai mu bar wannan hukunci ga na'ura da baƙon da bai san wasan taubasai ba, mu kuma a ɗauke mu 'yan shara a farashi mai rahusa, ko mu koyi sana'ar gaba ɗayanta, mu sake haɗa abin da aka raba, mu zama masu tarbar baƙo kuma masu tsara dokar gida. Tsarana yana da harshen, yana da ilimin, yana kuma da tarihin waɗanda suka riga shi a gabansa. Abin da ya rage shi ne mu kira aikin da sunansa, mu kuma faɗi farashinsa.